Jaka 780 a hannunmu: mu ɗora bulo, ko mu gyara abin da ke ƙasa?

Malam Isiyaku, wajen Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina da wata magana da ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta nan tun kafin zaman iyaye na ranar Asabar.

Ni ne darakta a makarantar wani ƙauye, tafiyar awa ɗaya da rabi da babur daga Garwa, a arewacin Kamaru. Yara 436 gare mu daga SIL (aji ɗaya) zuwa CM2 (aji shida). Ɗakunan gini uku ne, ɗaya kuma iskar watan Mayun bara ta kwashe kwanonsa, har yau yana buɗe. Saboda haka aji biyu ne a cikin ɗaki, uku a rumfar zana, 'yan CE2 (aji huɗu) kuma a gindin darbejiya. Malamai mu biyar ne: ni, da biyu na gwamnati, da malaman iyaye biyu, wato waɗanda iyayen yara ke biya.

Bana auduga ta yi kyau, da aka biya manoma kuɗinsu sai APEE, ƙungiyar iyayen yara da malamai, ta tara jaka 780, wato sefa dubu 780. Tunda nake a nan ba a taɓa tara irin wannan ba. Shugaban iyaye da jauro, wato dagacin ƙauyen, suna so a haƙa tushen sabon aji na bulo a ɗora har inda kuɗin ya kai. Dalilinsu shi ne, in manya suka zo suka ga gini a tsaye, za su ji kunya su ƙarasa. Ni kuwa zuciyata tana wajen rufe ɗakin da iska ta kware, da yin benci, da biyan bashin wata uku da malaman iyaye ke bin mu. Amma ina tsoron a ce darakta ya hana gari gini. Ku ba ni shawara don Allah.

Malama Hadiza, Marwa

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yarda a zuba kuɗin nan a tushe. Na ga irin wannan da idona a makarantar da na fara aiki. An ɗora bulo har taga, kuɗi ya ƙare, shekara shida ginin yana nan awaki na kwana a ciki. Babu babban da ya ji kunya. Ɗakin da ke da bango da daɓe, kwano kawai yake jira, ai shi ne aji mafi araha da za ka taɓa samu a rayuwarka.

Malam Yusha'u, Kusuri

Ni tambayata daban ce. Me ya sa manomin auduga zai rufe ɗakin gwamnati? Tun shekarar 2000 aka ce an soke kuɗin firamare a Kamaru, karatu kyauta ne. Tun 2010 kuma aka miƙa wa ma'aikatun magajin gari gina azuzuwa da gyaransu da kayan aikin farkon shekara. To ina kuɗin? Duk ranar da iyaye suka toshe wani rami, sai a ƙara sakar musu wani. Malam Isiyaku, ka rubuta wa magajin garinku? Ka kai wa sufeto rahoto?

Malam Isiyaku, wajen Garwa

Na rubuta, Malam Yusha'u. Sau uku, har da hotuna. An zo an duba, an auna, an ce za a saka a kasafin baɗi. Ban ce ƙarya suke yi ba, don makarantun da ke ƙarƙashinsu da yawa, kuma ba tamu kaɗai iska ta taɓa ba. Amma damina ba ta jiran kasafi.

Malama Hadiza, Marwa

Bari in faɗa wa waɗanda ba su taɓa koyarwa a rumfa ba abin da ake nufi, don wasu suna ɗauka zafi da ƙura ne kawai matsalar. Ana komawa makaranta farkon Satumba, lokacin ruwa bai ɗauke ba. Zanar bara ta ruɓe ko gara ta cinye, sabuwa kuma ba ta samuwa sai ciyawa ta bushe an yi girbi, wato wajen ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Kenan ajin rumfa ya rasa wata biyu tun daga farko. Sannan da hadari ya fara haɗuwa a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, kullum ido na sama, da iska ta taso sai a sallami yara. Daidai lokacin da 'yan CM2 ke shirin jarrabawar shiga sakandare da ta CEP, wato ta kammala firamare, ke nan. Ka lissafa, yaron rumfa wata shida yake karatu, na ɗaki wata tara, amma takardar jarrabawa iri ɗaya za a ba su.

Ga kuma allo. A rumfa ba ka da bangon da za ka manna komai. Allon katako ne a jingine da sanda, kullum a ɗauko da safe a mayar da yamma. Abin da ka rubuta yau ba zai kwana ba. Ni a SIL nake, kuma wanda ya koyar da ƙananan yara ya san cewa rabin karatunsu daga bango yake shiga: haruffan da suke gani kullum, lambobi, kwanakin mako. Yaron da iyayensa ba su iya boko ba, bangon ajin nan shi ne kaɗai rubutun Faransanci da yake gani a duniya.

Rabi'u, wajen Mokolo

Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ni ƙarami ne a nan, amma ku yi haƙuri in yi magana, don ni malamin iyaye ne, shekarata ta biyar ke nan. Na gama makarantar horon malamai ta ENIEG, ina da takardar shaidar koyarwa ta CAPIEMP, ina jiran a ɗauke ni. Jaka 20 ake ba ni a wata, in an samu. Hutun damina kuma babu ko dala.

Da na karanta cewa ana bin makarantar Malam Isiyaku bashin wata uku kuma ana maganar tushe, sai jikina ya yi sanyi. Waɗannan mutum biyun su ne ke riƙe da aji biyu, wataƙila ma uku. In suka gaji suka tafi acaba a Garwa, wa zai shiga sabon ɗakin? Ni na san yadda ake tsayawa gaban yara tamanin da safe ba ka karya ba, kana tunanin mai shagon da za ka bi ta gabansa in an tashi. Ku fara biyan mutane haƙƙinsu. Wata uku na mutum biyu bai fi jaka 120 ko 150 ba. Bango ba ya jin yunwa.

Malam Yusha'u, Kusuri

Rabi'u ƙanena, gaskiyarka. Abin da ya sa aka yi yajin aikin malamai na OTS a Fabrairun 2022 ke nan, aka ajiye alli. Mutane na shekaru suna aiki ba lambar albashi. Kuma waɗancan ma na gwamnati ne, ku malaman iyaye ko a lissafin ba ku cika shiga ba.

Baba Garba, Ngaundare

Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka. Ni na yi ritaya da daɗewa, amma na yi darakta a ƙauyuka huɗu, saboda haka bari in ce wani abu a kan jauro da shugaban iyaye, don na ga kamar an yi saurin yanke musu hukunci.

Isiyaku, mutanen nan ba wauta ce ke damunsu ba. Manomi ya cire kuɗi daga audugarsa, yana so ya ga abin da zai nuna wa jikansa ya ce da hannuna a ciki. Alli yana ƙarewa, albashi ana cinyewa, benci yana karyewa, amma bango yana nan. Kuma akwai abin da ba za su faɗa maka a fuska ba: sun sha ganin kuɗin APEE ya narke a wasu wurare ba a san inda ya bi ba. Gini shi ne abin da ba a iya sakawa a aljihu. In ka je ka ce musu a'a kawai, za su ce to, amma baɗi ba za ka ga rabin wannan kuɗin ba.

Shawarata, kada kuɗin ya kwana a hannunka ko na dare ɗaya. Ka sa a zaɓi mutum uku, har da mace ɗaya daga cikin iyaye mata, su je kasuwa da kansu su sayo kwano da ƙusa. A rubuta kowane dala a allo ranar taro kowa ya gani. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Sannan rufin nan ka mai da shi aikin gari, a yi gayya, jauro ya buga ƙusar farko. In an gama a kira liman ya yi addu'a kamar sabon gini. Za su sami abin nunawar da suke so, kai ma ka sami ajinka.

Sabon ajin kuma kada ka kashe maganarsa. Da rani a buga tubalin ƙasa, ba ya cin kuɗi sai ƙarfi da ruwa. Na gina aji biyu da tubali a wani ƙauye, tushen dutse, aka shafe da siminti ta gefen da ruwa ke bugawa, kuma da na koma ziyara bayan shekara goma sha biyar na tarar ana karatu a ciki. Ya ma fi na bulo sanyi a watan Maris.

Malam Isiyaku, wajen Garwa

Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi maganar tsoron narkewar kuɗi ban taɓa kawo ta a raina ba, ga shi kuwa wanda na gada ya bar baya da ƙura a kan wannan.

Malam Nuhu, Gidar

Ni gini nake koyarwa a makarantar fasaha, bari in shigo ta wajen da na sani. Malam Isiyaku, kafin ka sayi kwano ko ɗaya, a hau a duba katakon. Ɗakin da ya sha damina guda a buɗe, katakonsa ya sha ruwa ya sha rana, ga gara. In ka buga sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako, iskar bana za ta ɗauke shi kamar ta bara.

Yawancin rufin da iska ke kwashewa a yankinmu ba kwanon ne ke da laifi ba. Katakon ne ba a ɗaure shi da bango ba, an ɗora shi kawai an toshe da siminti. Iska tana shiga ta ƙofa da taga, ta tura daga ciki, ta sama kuma tana tsotsa, sai rufin ya tashi gaba ɗaya kamar faifai. Maganinsa ƙaramin rodi ne, a binne shi a cikin kankaren saman bango a naɗe katakon da shi, kowane katako. A shafa wa katakon baƙin mai ko maganin gara. Ƙusa kuma a buga a kan tudun kwano, ba a cikin kwarinsa ba, da 'yar robarta. Kada a sayi kwanon nan mai laushi kamar takarda don araha. Kuma in tsohon kwanon yana nan ba a kwashe ba, a miƙe wanda zai miƙu, zai yi rufin ban ɗaki.

Abu na ƙarshe: ka duba ta ina hadari ke zuwa muku, yawanci ta gabas ne. A dasa layin darbejiya ta wannan gefen, nesa kaɗan da bango. Kowane aji a ba shi itatuwansa ya riƙa ban ruwa.

Malama Zainabu, Garwa

Tunda an ambaci ban ɗaki, Malam Isiyaku ban ji ka faɗi komai a kansa ba. Akwai?

Malam Isiyaku, wajen Garwa

Akwai rami biyu, ɗaya ya cika, ɗayan ba ƙofa. Ruwa kuma sai rijiyar gari, tafiyar minti goma.

Malama Zainabu, Garwa

To ka duba rajistarka, ka ƙirga 'yan mata a CE1 (aji uku), ka ƙirga a CM2. Na tabbata za ka ga sun zube. Muna cewa aure ne, muna cewa talla ce, kuma duk akwai. Amma yarinya mai shekara goma sha biyu ko sha uku da ta fara al'ada, ba wurin da za ta kewaya ta rufe ƙofa, ba ruwa, ga samari suna wasa a fili, me kake so ta yi? Za ta zauna a gida kwana huɗu ko biyar kowane wata, daga nan ta ji an wuce ta, daga nan uwarta ta ce zauna kawai. Ba za ta taɓa faɗa wa darakta namiji dalili ba. Mu mata su kan faɗa mana a ɓoye.

Ƙofar ban ɗaki da sakata da buta biyu da randa ba su kai kuɗin buhun siminti biyar ba. Kuma duk wanda ya ga kwalarar 2010 a yankin Arewa Mai Nisa ya san ba maganar 'yan mata kaɗai ba ce. Yara ɗari huɗu suna kewayawa bayan aji, ruwan sama na kwasowa.

Malama Hadiza, Marwa

Yaya Zainabu kin taɓo inda ke mini ciwo. Allah ya saka.

Malam Abakar, Njamena

Ina gaida 'yan uwa na ƙetaren gada. Mu a Chadi labarin ɗaya ne, sai dai namu malaman iyayen muna ce musu malaman al'umma, kuma a ƙauyuka su ne ƙashin bayan firamare. Da aka kawo matakan tsuke bakin aljihu goma sha shida a 2016 aka yanke alawus, an yi ta yajin aiki har yara suka yi watanni a gida, makarantun da iyaye ke riƙe da malamansu ne suka ɗan motsa.

Abin da nake so in ƙara shi ne benci. Wasu suna ganin benci jin daɗi ne, wai ai mu ma a ƙasa muka yi karatun allo. Karatun allo daban: allo yana kan cinya, kana riƙe da shi, tawada da alƙalami. Amma littafin rubutu na takarda da biro, yaro ya ɗora a gwiwa ya tanƙware, rubutunsa ba zai taɓa miƙewa ba, littafin kuma kafin wata biyu ya zama tsumma. Na yi gyaran takardun jarrabawa, daga rubutu kaɗai ina gane yaron da ya tashi a ƙasa. In kuɗin bai isa kowa ba, a fara da masu koyon riƙe biro da 'yan ajin jarrabawa.

Kuma ambaliyar Oktoban 2022 da ta cinye unguwar Waliya a nan Njamena ta koya mana wani abu: bencin katako zalla da ya kwana a ruwa ya tafi, mai ƙafar ƙarfe ya tsira, aka sake masa katako.

Malam Yusha'u, Kusuri

Malam Abakar, mu ma nan haka, 2022 da 2024 duka. Ruwan Logon ya shiga, makarantun da suka tsira kuma suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Ba na zargin kowa, mutum da iyalinsa a fili dole ya nemi inuwa, amma da aka tashi wasu bencin sun zama itacen girki. Wajen Yagwa ma abin ya fi namu muni.

Shi ya sa har yanzu ban sauka daga maganata ba. Ku duba mu: malamai ne mu, amma tun ɗazu maganar rodi da ƙusa da ƙofar masai muke. Yaushe za mu yi maganar koyarwa? An mai da darakta ɗan kwangila, mai bara, mai karɓar haraji. Arewa da Arewa Mai Nisa da Adamawa da Gabas an sa musu suna yankunan da za a fifita a ilimi. Fifikon ke nan?

Baba Garba, Ngaundare

Yusha'u, fushinka na gaskiya ne, kuma kada ka bar shi ya huce. Ku rubuta, ku je zaman majalisar gari lokacin da ake tsara kasafi, don a nan ake raba azuzuwan, ba a Yawunde kaɗai ba. Darakta nawa ne a cikinku ya taɓa zuwa ya zauna? Amma yaron da ke CE2 a gindin itace bana, shekararsa ta CE2 guda ɗaya ce, ba za a dawo masa da ita ba ranar da kasafi ya fito. A yi biyun.

Malama Hadiza, Marwa

Malam Yusha'u ya ce yaushe za mu yi maganar koyarwa, to bari in yi. Littattafai. Tun 2017 aka koma littafi ɗaya a kowane darasi, ya yi shekara shida ba a canza ba, kuma wannan ya taimaka, don ƙane yana gadon na wansa. Sannan shirin PAREC da Bankin Duniya ya tallafa ya raba na Faransanci da Turanci da lissafi kyauta a makarantun gwamnati. Mun samu, ba zan yi butulci ba. Amma ku faɗi gaskiya, a makarantu nawa littattafan nan suke hannun yara? Na shiga ofisoshin daraktoci na ga kwalaye a ɗaure, ƙura ta rufe su. In ka tambaya sai a ce ana tsoron su yage ko su ɓace, sufeto ya zo ƙirga. Wani kuma ba shi da kabad, ajinsa ba ƙofa, to ina zai ajiye?

Ni abin da nake yi: akwatin ƙarfe ɗaya na saya da kwaɗo, irin na amare. Da safe yara biyu su ɗauko, kowane benci littafi ɗaya ko biyu, an rubuta lamba a bayan kowanne, an naɗe shi da takardar buhun siminti. Da an tashi a ƙirga a mayar. Shekara uku, guda huɗu kawai na rasa. Littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikinsa. Malam Isiyaku, naka suna ina?

Malam Isiyaku, wajen Garwa

Malama, kin kama ni. Rabi suna aiki a azuzuwan da ke da ƙofa. Na 'yan rumfa suna ɗakina a gida cikin kwali, saboda tsoron gara da ruwa. Akwati uku zan saka a lissafin.

Malama Zainabu, Garwa

Ni kuma kwamfuta nake koyarwa, a kan allo. Manhajar firamare ta 2018 ta saka fasahar sadarwa, mu ma a sakandare muna da ita har a jarrabawa. Ina zana madannai da alli, yara su haddace sunayen abin da ba su taɓa taɓawa ba. An taɓa kawo mana kwamfutoci kyauta, aka yi biki, amma ɗakin ba silin, ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Cikin shekara biyu saura uku ke tashi. Ba wanda ya ware ko dala don gyara. Yanzu wayata nake zagayawa da ita layi layi. Abin da na koya shi ne, duk kayan da aka kawo ba a tanadi kuɗin kula da shi ba, aro ne, ba kyauta ba. Saboda haka ko a jaka 780 ɗin nan, a ware wani abu a ajiye don ƙusar da za ta cire da bencin da zai karye.

Rabi'u, wajen Mokolo

A wajenmu tun 2014 da rikicin Boko Haram ya rufe makarantun bakin iyaka, yaran suka gangaro mana, aji ya ninka. Ƙungiyoyin agaji sun kawo tantuna da jakunkuna, Allah ya saka musu, amma tanti shekara biyu rana ta cinye shi. Abin da ya fi daɗewa a cikin duk abin da aka kawo shi ne ƙananan allunan hannu. Yaro ya rubuta ya ɗaga, ni daga gaba ina ganin yara tamanin a kallo ɗaya, na san wanda ya gane da wanda bai gane ba. Kafinta zai iya yanka su daga falange ɗaya a shafa baƙin fenti. Sai dai suna cin alli.

Malam Isiyaku, wajen Garwa

Alli kam shi ne kukan kowace shekara. Pake minimom ɗinmu, wato kayan aikin farkon shekara, bai taɓa zuwa a Satumba ba tunda na zo, bara sai bayan hutun Disamba ya iso, kuma allin ciki irin mai ƙarfin nan ne da ke karce allo ba ya rubutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle bayan an yi nisa. Watannin farko daga aljihuna nake saye, ina gutsura wa kowane malami sanda biyar a rana. Allunan kuma da baƙin cikin tsohon batir muke shafe su.

Malam Nuhu, Gidar

Ku daina na batir ɗin nan Malam, yara ne ke fasa shi da hannu, ba shi da kyau ga jiki. Gwangwanin fentin allo ɗaya zai yi maka alluna uku ko huɗu. In za a rufe ɗakin, a sake shafe allon bangon da siminti mai laushi tukuna, ya bushe sosai, sannan fenti hannu biyu.

Malam Isiyaku, wajen Garwa

'Yan uwa, an yi zaman jiya, bari in kawo muku yadda aka tashi. Na bi shawarar Baba, tun daren Juma'a na je gidan jauro ni kaɗai na gaishe shi na zayyana masa komai, don kada ya ji maganar a bainar jama'a. Da safe kafin a zauna na zagaya da iyaye cikin ɗakin da ba rufi, suka ga daɓen ya fara fashewa, ciyawa ta fito a gindin allo. Na kai su bayan makaranta suka ga ramin. Wata tsohuwa ce ta fara magana, ta ce jikarta ta daina zuwa tun bayan hutu kuma ita ta san dalili. Daga nan ban ƙara cewa komai ba, matan ne suka yi ta yi.

An amince a biya malaman iyaye wata ukunsu, jaka 135, an ba su a gaban kowa. Jaka 400 an ware wa rufi. Jaka 70 ƙofar ban ɗaki da yashe ramin da randuna. Jaka 45 akwatuna uku da fentin allo da kwalin alli na Satumba. Jaka 30 ajiya a hannun ma'aji. Ragowar jaka 100 benci, wanda na san ba zai wuce huɗu ko biyar ba, sai dai akwai karyayyu goma sha ɗaya da kafinta ya ce za su gyaru, a ciki za a cire.

Shugaban iyaye bai ji daɗi ba, ya ce an mai da kuɗin gari ƙananan abubuwa. Amma ya karɓi jagorancin buga tubali bayan girbi, jauro kuma ya ce kowace unguwa za ta kawo tubali dubu ɗaya. Wasiƙa ta huɗu zuwa ga magajin gari na rubuta ta, wannan karon jauro da iyaye ashirin sun sa hannu, kuma ni da shugaban iyaye za mu kai da kanmu.

'Yan CE2 ne za su shiga ɗakin in an rufe. Rumfuna uku suna nan yadda suke.

Malam Yusha'u, Kusuri

Ka riƙe kwafin wasiƙar, ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kai. In ranar zaman kasafin ta zo ka sanar a nan.

Malam Nuhu, Gidar

Jaka 400 za ta yi ƙyar in katakon ya mutu duka. Kada a sayi komai tukuna. Ranar Asabar ina da hanya Garwa, zan biyo in hau in duba da kaina. Ka tanadar mini tsani da yaro ɗaya mai riƙe awo, ka turo mini kwatance ta waya.